Ƙafafun Motar Ɗantsoho

"Fito daga ƙarƙashin motar nan kafin in sa maka sanda."

Muryar maƙwabcina ce, Malam Ɗantsoho. Na ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki na leƙa ta ƙofar shago. Yana tsaye a bakin zaurensa, daga shi sai 'yar shara da wando, ya dogara sanda. Tsohuwar motarsa ƙirar Golf tana tsakiyar lungu, an ɗage bayanta, an cire mata tayoyi. Ƙafafun ɗansa Habibullah kawai ake gani ta ƙasa. A gefe wani makanike yana tsugune yana ɓare leda daga jikin sababbin sifirin, naɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗauke da jikin mota, gajeru, masu jan fenti.

Habibullah ya jawo jiki ya fito, bayansa duk ƙasa.

"Baba, ai na gaya maka tun shekaranjiya."

"Cewa ka yi za ka canja mata shokozoba. Ba ka ce za ka gurgunta ta ba."

"Ta yi tsayi da yawa. Kai da kanka kake nishi duk ranar da zan kai ka asibiti, kafin ka hau sai an tallafe ka."

"Nishina ne ya dame ka?" Tsohon ya miƙa sanda ya nuna wasu wili na taya masu ƙyalli da aka jingine a bangona. "To waɗancan fa? Su ma don nishin nawa ne?"

Habibullah ya kakkaɓe ƙasar bayansa. Makaniken ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu cikin sufanunsa.

Na ce, "Malam, a yi haƙuri, a shiga daga ciki a yi maganar."

Ya juyo da idanun nan nasa da suka yi hazo, ya ce, "Kai Cindo, koma ka ɗinka wandonka. Da aka jingina kayan a bangonka ai ba ka leƙo ka gaya min ba."

Na koma. Tun ina saurayi muke lungu ɗaya da shi a nan Gumel, kuma ban taɓa cin riba a musu da shi ba. Mun yi rigima kan kwata, mun yi kan baƙin man da yake zubarwa yana gangarowa ƙofata, mun yi kan akuyata da ta hau masa mota. Ba mutum ne mai daɗin zama ba, ko yanzu ba zan ce haka ba.

Amma motar nan kowa ya san ta. Da ita ya yi rayuwarsa tsakanin Gumel da Gagarawa da Ɗanzomo da Maigatari. Shi da hannunsa ya cire mata sifirin ɗin da ta zo da su, ya sa mata na babbar mota, don ta ɗauki buhunan riɗi da gero har kan rufi ta bi hanyar yashi ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. In ba kaya, bayanta a sama yake, shi ya sa a tasha ake ce mata Raƙuma. Da ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya hana shi tuƙi, sai ya miƙa wa Habibullah makulli. A cewarsa, don a riƙa ɗumama inji ne. Shi kuwa yaron, da ke da rumfar kayan waya a Maigatari, ya ɗauka an ba shi ke nan.

Kafin la'asar aka gama aikin. Da aka sauke jak ɗin da aka ɗaga ta da shi, motar ta zauna ƙasa sosai, tayoyin suka shige cikin jikinta. Gaskiya ta yi kyau, ta koma kamar ba ita ba. Samarin unguwa suka taru suna ɗaukar ta hoto. Ɗantsoho ya fito bai kalli kowa ba, ya lalubi tsofaffin sifirin ɗinsa inda aka yar da su, ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa zaure. Da Habibullah ya miƙa hannu zai taya shi, ya ce, "Kar ka taɓa."

Daga bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, "Ni da shiga motar nan, sai ranar da ta miƙe a kan ƙafafunta."

Ya kuwa riƙe maganarsa. Ranar asibiti sai ya tari adaidaita, matarsa Larai ta zauna a gefensa tana riƙe da shi, motar tana ajiye a ƙofar gida. A bakin lungunmu akwai wani tudun siminti da aka yi saboda ruwa. Kullum da safe in Habibullah zai fita, sai cikin motar ya goge shi, ka ji ƙarfe yana kartar siminti. Daga cikin zaure sai ka ji tsohon ya ce, da ƙarfi yadda lungu zai ji, "Ja ta. Ja ta a ƙasa kamar mushe."

Suka daina cin tuwo tare. Yaron yakan durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Shi ma Habibullah ba kanwar lasa ba ne. Wata rana na ji yana ce wa abokansa, a inda ya san uban zai ji, "Mutum ba ya gani, ba ya tuƙi, amma ya hana kowa sakat." Larai ta shigo wajen matata tana share hawaye, ta ce ta rasa wanda za ta ba haƙuri a cikinsu.

Abin ya ƙara lalacewa da damina ta yi nisa. Akwai wani Bafillace, Sajo, daga wata ruga bayan Ɗanzomo, wanda Ɗantsoho ya daɗe yana ɗaukar masa kaya. Ya aiko cewa yana da wake da yake so a kai masa kasuwa. Habibullah, don ya nuna wa uban motar ba ta rasa komai ba, ya ce shi zai je. Bai yi nisa da barin kwalta ba motar ta kwanta a yashi, salansa ta tsinke. Sai da Sajo ya kawo shanun noma suka jawo ta. Kafin yaron ya iso gida labarin ya riga shi, an ce mutanen ƙauye sun tsaya suna dariya, suna tambaya ko Raƙuma ce ta koma kunkuru.

Ɗantsoho bai yi faɗa ba ranar. Ya dai fito ya tsuguna, ya shafa ƙasan motar da tafin hannu, ya shinshina hannun, ya koma ciki.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Habibullah ya bar motar a gida saboda salansar, ya bi ta haya. An yi ruwa da asuba, ƙasar lungu ta jiƙe. Da hantsi ina yanka yadi sai na ga tsohon yana fito da kaya: jak ɗinsa na da, akwatin sufanu, da sifirin ɗin nan da ya goge da mai har suna sheƙi.

Ya tura jak ƙarƙashin motar, ya ƙi shiga. Motar ta yi ƙasa da yawa. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya yi tsaki. Sai ya shiga gida ya ɗauko fartanya, ya fara haƙa rami a gefen tayar baya don jak ɗin ya samu wurin zama.

Na fito na ce, "Malam, ƙasar nan ɗanya ce. Ka bari ta sha iska, ko a kira makanike."

"Wanne? Wanda ya gurgunta ta?"

"To ga kututture a gidana, bari in kawo a tokare."

"Ina da bulona. Tun kana koyon zare allura nake kwana a ƙarƙashin mota."

Larai ta leƙo ta bayan labulen zaure. "Malam, don Allah ka bari yaron ya dawo."

"Koma ciki."

Ya zura jak cikin ramin, ya ɗaga motar a hankali yana haki, ya cire taya, ya tura bulon siminti guda a ƙasa. Hannunsa bai manta aikin ba, ko da yake da lalube yake gane bakin sufana. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya shige har kafaɗa. Na tsaya na ɗan jima ina kallo, sai wata mata ta zo karɓar ɗinki, na koma shago.

Ina ninke mata riga na ji shi yana kokawa da wani noti da ya ƙi kwancewa, yana jijjiga motar. Sai na ji ƙara, ba mai yawa ba, kamar an yar da buhun hatsi. Da na waiwaya, motar ta karkata, jak ya nutse ya kwanta a cikin ramin, bulon ya dagargaje.

Matar mai ɗinkin ta yi salati. Na fita da gudu ina kiran mutane. Mai shayin bakin titi da wasu masu adaidaita suka zo, muka kama bamba da bakin ƙofa muka ɗaga, wani ya jawo shi ta ƙafa. Idonsa a buɗe, sufana tana hannunsa. Ba jini ko ɗigo, sai dai numfashinsa yana fita guntu-guntu.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Kar ku bari yara su kwashe min notina."

A adaidaita muka kai shi asibiti. Suka ce haƙarƙari sun karye, akwai jini a ciki, a wuce da shi Kano. Ya ce ba inda za shi. Likitan ya yi magana, na yi, Larai ta yi kuka, ya rufe ido ya ƙyale mu.

Bayan azahar Habibullah ya iso. Ya shigo ɗakin da gudu, sai kuma ya tsaya cak a bakin gado. Ya durƙusa ya kama ƙarfen gadon.

"Baba."

Idon tsohon yana rufe.

"Baba, ka yafe min. Gobe zan mayar wa motar sifirin ɗinka, wallahi gobe."

Tsohon ya buɗe ido, amma ni ya kalla.

"Cindo."

"Na'am, Malam."

"Gaya masa sifirin na dama da na hagu ba ɗaya ba ne. Wanda na ɗaura wa tsumma, shi ne na dama."

"Yana jin ka, Malam. Ga shi nan a gabanka."

"Kai na gaya wa."

Larai ta ce, "Malam, ɗanka ne fa. Ka ce masa wani abu."

Ya ɗan motsa hannu a kan zanen gado. Habibullah ya yi sauri ya ɗora nasa a kai. Tsohon bai riƙe ba, bai kuma janye ba. Ko ya gaji ne, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Haka na bar su na tafi sallah.

Washegari Juma'a da hantsi ya cika. Larai ta ce bai ƙara magana ba sai kalmar shahada da ta riƙa maimaita masa yana bi da leɓe.

Babbar 'yarsa Jannatu ta iso daga Gagarawa ana cikin yi masa wanka. Ina tsaye a zaure ta ci karo da ƙanenta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka huta. Ga mota nan, sai ka shafe ta da ƙasa gaba ɗaya."

"Yaya, ni na sa shi ya shiga ƙarƙashinta?"

"Wa ya sa shi?"

"Kin san halinsa. Kowa ya san halinsa."

"Na sani. Kai ma ka sani, ka yi abin da ka yi."

Liman ya yi gyaran murya daga waje, suka yi shiru. Ta wuce ciki, shi kuma ya jingina da bango yana kallon ƙasa.

Da aka fito da makara, motar tana nan inda ta faɗi, a karkace, ta cinye rabin lungu. Ba wanda ya tuna a matsar da ita. Sai da masu ɗauka suka ragu, suka bi ta jikin bangona ɗaya bayan ɗaya, suka ɗaga makarar sama ta wuce ta kan rufin motar. Habibullah yana riƙe da ƙafar makarar ta baya. Na ga ya kau da kai.

Aka yi zaman makoki a ƙofar shagona, don nan ne da fili. Direbobin tasha suka zo, Sajo ma ya zo daga Ɗanzomo da ƙwaryar nono, ya yi wa kowa gaisuwa ban da Habibullah. Aka yi addu'ar uku aka naɗe tabarmi. Jannatu ta koma ba su yi sallama da ƙanenta ba. Makanike ya zo sau ɗaya, Larai ta aiko daga ciki cewa kar a taɓa motar sai ta fita takaba.

Yanzu in Habibullah zai tafi Maigatari, ta ɗaya bakin lungun yake bi, ko da yake ya fi nisa da tasha. Jiya da rana aka sake yin ruwa. Da ya ɗauke na buɗe shago, na tarar ramin da Malam ya haƙa a gefen motar ya cika, kajin Larai sun kewaye shi suna sha.