Ƙafar Batulu da Allurar Mota

"Kai ka ce ni mayya ce, Nababa. Da bakinka, a tsakiyar tashar Agyaragu."

Batulu ta faɗi haka tana zaune a kujerar gaban motarsa, ƙullin daddawarta a cinya. Ta rantse ba mai sauke ta sai dai a sauke gawarta.

Asalin maganar, duk ranar da Nababa direba ya ɗauko ta zuwa kasuwar Lafiya, kafin su yi nisa sai allurar zafin inji ta haye ja. Ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya yi ta tuttula ruwa, fasinjoji na tsaki. Ranar da ba ta shiga ba kuwa, mota lafiya lau. Ya canja lagireto, ya canja fanka, a banza. Shi ne ran nan ya ce a gaban 'yan kamasho, "Tsohuwar nan in ta zauna, har inji zazzaɓi yake yi." Aka kwashe da dariya. Dariyar ta shiga gari ta koma wani abu dabam. Yanzu matan da suka saba sayen daddawarta sun koma kauce mata, jikokinta kuma ba mai sa hannu a kwano ɗaya da su.

"Wasa fa nake, Iya," in ji Nababa.

"Ni kakarka ce da za ka yi wasa da ni? Ja mu tafi wurin mai wayarin. Yau sai an gaya mini ciwon akwalar nan."

Da suka isa rumfar Sesugh mai wayarin a bakin titin Lafiya, allura tana can ƙarshen ja. Sesugh ya buɗe bonet, ya kama tiyon lagireto ya riƙe, ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo.

"Oga, wannan inji ko shayi ba zai dafa ba. Ƙarya allura take yi. Mama, ɗan sauko."

Ta sauko da ƙyar. Allura ta dawo tsakiya.

"Ka gani ko?" in ji Nababa ƙasa-ƙasa.

Batulu ta ji shi. Ita ma ta gani da idonta, amma ta ƙi sunkuyar da kai. Sesugh ya shiga ya zauna a wurinta, allura ko motsi.

"Mama, dawo ki zauna daidai yadda kike zama."

Ta koma, ta miƙe ƙafarta ta dama, wadda gwiwar ta daina lanƙwasuwa tun da ta faɗi a bakin rijiya. Dugadugin ya tokare can ƙarƙashin dashbod. Allura ta haye.

Sesugh ya tsuguna ya ɗaga ledar da aka shimfiɗa a wajen. Ga wayar da ke kai wa allura labarin zafi, ta goge, jan ƙarfenta a waje. In an danna ta, sai ta taɓa jikin mota. Ya danna da yatsa, allura ta haye ja. Ya saki, ta sauko.

"To, oga, ni ma na zama maye."

Nababa ya yi yaƙe yana sosa ƙeya. "Allah Ya ba ki haƙuri, Iya. Daga yau kyauta zan riƙa ɗauko ki."

"Riƙe kyautarka." Ta ga Sesugh ya zaro salatif, ta riƙe masa hannu. "Ɗana, kada ka naɗe ta tukuna. Shiga baya."

"Mama, ina da aiki."

"Ni ma ina da suna. Nababa, juya motar nan. A tasha ka ɓata ni, a tasha za ka wanke ni. Ka tara 'yan kamashon nan da matan kasuwa, ka danna wayar da yatsanka su gani, sannan ka gaya musu wane ne maƙaryaci."