Inda Igiyata Ta Ƙare

Mutum goma sha biyun da kotu ta zaunar su saurari shari'ata, awa ɗaya kacal suka yi suka ce na yi laifi. Ban musa ba, na karya wa mutum muƙamuƙi a mashaya. Alƙali ya ce maimakon shekara huɗu a kurkuku zai yi min ɗaurin talala. Aka ɗaura min na'urar da ke nuna inda nake a idon sawu, aka miƙa ni hannun Madam Kessler, jami'ar da ke sa min ido. Sharaɗi na farko, kada in fita jiharmu sai da takardar izini.

Matsalar ita ce garinmu kogi ne ya raba shi. Wancan gefen wata jiha ce, kuma can asibiti yake.

Ranar Juma'a da azahar yayata Bernadine ta kira. "Orval, likita ya ce Mama ba za ta kai gobe ba. Sunanka take ta kira."

Na isa ofishin Madam Kessler ina haki, na roƙi takardar izini. Ba muguwa ba ce, mace ce mai mutum tamanin irina a wuyanta, abincin ranarta ma a kan fayil take ci.

"Madam, minti goma ne a ƙafa. Daga tagarki ma ana hango asibitin."

"Na sani, Mista Pruitt. Amma sai shugabana ya sa hannu, shi kuma yana taro."

"To ki zo ki raka ni. Ki sa min ankwa, na yarda."

"Zan ci gaba da kiran shi. Kar ka tsallaka, ina roƙonka. Shekara huɗu ce."

Na kasa zama. Na taka zuwa tsakiyar gada, daidai allon da ke nuna iyakar jiha, na tsaya kamar akuyar da igiyarta ta ƙare. Na kira Bernadine na ce ta nuna min tagar ɗakin Mama.

"Kai dai ba ka taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba," in ji ta, tana kuka. "Duba hawa na huɗu."

Sai ga ɗankwalin Mama mai ruwan ɗorawa, wanda take ɗaurawa ranar Lahadi, yana reto a taga. Bernadine ta ce zai zauna a nan muddin Mama na numfashi. Ta kara wa Mama wayar a kunne, na yi ta surutu, iska da ƙarar motoci suna cinye rabin maganar. Na ce mata ina hanya. Ƙarya na yi mata, kuma ina jin ta sani.

Sau uku ina ɗaga ƙafa ina mayarwa. Tsoro ne ya riƙe ni, ba biyayya ba, na kuma tsani kaina saboda haka.

Wajen ƙarfe huɗu kiran Madam Kessler ya shigo. Na katse Bernadine, na ɗauka.

"An sa hannu?"

"Tukuna. Mista Pruitt, na'ura tana nuna ka gota iyaka kaɗan. Ja da baya kafin ta kai rahoto."

Na duba ƙasa, na ja da baya taku biyu. Da na ɗago kai, tagar a rufe take, babu ɗankwali.