Hoton Gonar Audugar Ahmadu

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, malamin gona na Makarfi ya sanar cewa za a ba da garma da shanun huɗa biyu ga wanda gonar audugarsa ta fi tsabta. Da yake ruwa ya yanke hanyar Dandamisa, aka ce mai so ya aiko da hoton gonarsa.

Ahmadu, wani manomin Dandamisa, yana son garmar nan ƙwarai. Noman ne ba ya so. Ƙato ne, lafiyarsa lau, amma kunya goma kacal ya nome, na bakin hanya, inda masu wucewa za su gani. Sauran kuwa ciyawa ta kai gwiwa.

Mai hoto ɗaya ne a garin, Maiwada tela, wanda bai daɗe da sayen tsohuwar kyamara a Zariya ba. Babu wanda ya koya masa. Ƙore bakwai ya jera a tsakar gida, wata bayan wata, yana ɗauka yana juya zoben gaban kyamarar, yana aika fim Zariya a wanke. Sai da ya ɓata fim uku kafin ya gane: in ya buɗe idon kyamarar sosai, ƙwaryar gaba kaɗai ke fita, na baya su zama dishi-dishi. In ya tsuke idon, duka bakwai su fito tar.

Ahmadu ya same shi a kan keken ɗinki. Bayan doguwar gaisuwa ya rage murya.

"Maiwada, an ce akwatin nan naka yana rufa wa mutum asiri."

"Yaya Ahmadu, ƙwarya dai na gwada. Ban gwada asiri ba."

"To ka mai da ni ƙwaryar gaba. Ni da kunya goman nan mu fito, na baya ka bar su a duhunsu."

Kamata ya yi Maiwada ya ce a'a. Amma wanda ya koyi sabon abu ba ya tambayar wa zai yi wa aiki da shi.

"Da sharaɗi," in ji shi. "In rana ta yi ƙarfi ba zan iya buɗe idon ba, hoton zai ƙone fari fat. Ka zo da sassafe, kafin ta ɗaga."

"Ni da nake riga zakara tashi?"

Washegari Maiwada ya isa gonar raɓa ba ta bushe ba. Bai tarar da kowa ba sai Sani, maƙwabcin gonar ta baya, duƙe da fartanya. Suka gaisa daga nesa, Sani ya koma aikinsa.

Sai da rana ta take Ahmadu ya iso cikin rigar aro, da sabuwar fartanya a kafaɗa.

"Yaya, ina zakaran?"

"Hular ce ta ƙi zama. Ɗauka mu tafi."

"Mu bari sai gobe."

"Mai kai fim da azahar zai kama hanya, kuma jibi za a rufe karɓa. Kai dai danna, ɗan tela."

Maiwada ya dubi sama, ya tsuke idon kyamarar har ƙarshe, ya danna.

Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyau irin wannan ba. Ga Ahmadu da aikin wuyan rigarsa zare-zare. Ga kunya goma. Ga ciyawar bayansu, har ana iya ƙirga ta. Can ƙarshe kuma ga wata gona fes, da wani mutum a duƙe, ko fuskarsa ba a gani.

Da ruwa ya janye, malamin gona ya zo a kan keke da hoton a hannu. Ahmadu ya tarye shi a bakin hanya yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, ni ne na ciki."

"Na gane ka, Malam. Wancan na bayanka nake nema."

Ya naɗe ƙafar wando ya ratsa ciyawar Ahmadu. Sani ya ɗago yana share gumi, bai ma san an ɗauke shi ba. Shi aka ba garmar.

An bar wa Ahmadu hoton. Ya kai wa Maiwada ya ce a gyara. Maiwada ya ɗauko almakashin ɗinki ya bi gefen rigar a hankali, ya yanke duk abin da ke bayansa. Ahmadu ya rataye shi a zaure: mutum tsaye da fartanya, babu gona.