Guɗar Gwaggo Rekiya

Karatun injiniya ya kai Sharfaddeen Guangzhou, amma bai daɗe ba ya fi ƙarfin kowa. Ya shiga ƙungiyar mawaƙan jami'a, ya gano gajerun waƙoƙin Japanawa masu layi uku da ake kira haiku, shi ke nan sai kai ya kumbura. 'Yan Kano masu sarin kaya a unguwar Xiaobei ya koma yi musu kallon ƙauyawa, kalangu kuwa hayaniya ce kawai a kunnensa.

A shekarar Olamfik, malamar kiɗa Madam Lin ta ce za ta zaɓi waƙa ɗaya daga ɗaliban ƙasashen waje a rera a babban bikin jami'a. Sharfaddeen ya ƙwallafa rai. Ya tsara wa taron mawaƙa waƙar yanayin shekara, a ɓangaren kaka kuma, bayan sun ce "ganye ya faɗo kan ruwa," ya saka dogon shiru. Shirun nan yake taƙama da shi, wai a nan ran waƙar yake, wai ba kowane kunne ke jinsa ba.

Ana haka Gwaggo Rekiya ta zo sarin kaya a kasuwar Baima. Ƙanwar babansa ce, ita ta goye shi tun yana cikin tsumma. Bai gayyace ta ranar gwajin waƙoƙin ba, abokin ɗakinsa Zayyad ne ya yi suɓul da baka. Sai ga ta a kujerar baya, da mayafinta da ƙunshin kilishi.

Muryoyi suka tashi, ganye ya faɗo kan ruwa, zaure ya yi tsit. Gwaggo ta duba ta ga ɗanta tsaye a gaban mawaƙan hannu a sama, yaran sun yi zuru. Ta ce a ranta: Sun manta, za su kunyata shi! A gida ba a barin mai waƙa ya maƙale a gaban mutane. Ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa har sai da zauren ya amsa.

Da aka gama, Madam Lin ta matso ta tambaye shi da Sinanci ko akwai danginsa a cikin masu kallo. Gwaggo na nan daf da su, tana washe baki tana jiran a gabatar da ita.

"Me yo," in ji Sharfaddeen, bai ko kalle ta ba.

Sinancin Gwaggo duka na kasuwa ne, amma wannan ta san shi sarai. Shi masu shago ke ce mata kullum idan abin da take nema babu.

Waƙarsa aka zaɓa. Ya fito yana tafiyar ƙasaita, ya tarar da Zayyad a bakin ƙofa riƙe da kilishin.

"Ina Gwaggo?"

"Ta tafi. Ta ce a ba ka wannan. Ta ce ran bikin ka kwantar da hankalinka, za ka samu shirunka."