Katangar da Grema Ya Yi wa Ƙetare

Ƙanena Grema, Allah ya shirya shi, ya daɗe a Diffa gaban odinateri, wato kwamfuta, wai yana gina shafin da zai riƙa gaya wa manoman tattasai in kogin Komadugu zai cika. Bara ruwa ya cinye mini amfanin gona kaf. Bana kuwa duk abin da na noma yana shanye a bakin kogi a Geskeru, don haka ban ɗauki zancen da wasa ba.

Ya ce ya ajiye shafin a wata na'ura can ƙasar waje, sarba suke ce mata, masu auna ruwa na saka labari, kowa ya buɗe da wayarsa. A cikin gari yana buɗewa nan take. Ni a gona? Fari fat! Na latsa har yatsa ta gaji, na kira shi.

"Kai Grema, a ofis ake noman tattasai ne?"

"Yaya Hasna, wallahi yana aiki, ga shi ina gani."

"To ka yi ta gani, ni in yi ta kallon ruwa."

Washegari da hantsi sai ga shi a motar kasuwa, ko karyawa bai yi ba. Ya karɓi wayata ya dudduba, sai ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, layin Najeriya gare ki?"

"Da na ina? Rezon layin gida yana isowa gonar nan ne? Duk da na ƙetare muke kira."

Ya zauna daɓas a kan buhu. Ashe shi da hannunsa ya yi wa sarbar katanga, ya ce duk wanda ya shigo ta layin ƙetaren kogi kada a buɗe masa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Yana ƙarami muka yi gudun hijira zuwa Asaga, ranar da masu bindiga suka tsallako kogi suka shigo ƙauyenmu. Tun daga nan ko ƙofar ɗaki ba ya iya bari a buɗe. Tausayinsa ya kama ni, wallahi.

"Ɗan'uwana, buɗe," na ce. "Mu ne ka bari a waje."

Ya ɗora odinateri a gwiwa, ya cire katangar. Na sake latsawa. Shafi ya fito ja wur: ruwa ya taso daga yamma, yana tafe.

Ban tsaya yi masa barka ba, na kwarma wa maƙwabta ihu. Maza da mata muka hau kwasa, Grema ya ajiye na'urarsa ya ɗauki buhu a ka, yana atishawa yana hawayen yaji. Da ruwan ya iso ya shafe wurin shanyar gaba ɗaya, muna kan tudu muna kallonsa. Ko ƙwaya ɗaya kogin bai samu ba.