Golmon Baba Saje

Tifa ta riga ta fara ɗaga bayanta za ta juye yashi a kan dawar Baba Saje sa'ad da Maimuna ta fito a guje, kumfar wanki har gwiwar hannu, ɗankwali a karkace.

"Kai direba! Tsaya don girman Allah! Ba ka ganin abinci ne gabanka?"

Direban ya leƙo, ya nuna mata wani mai tumbi da ke tsaye riƙe da waya. Philip ke nan, mai filin, wanda shekara tara rabon da a ga ƙeyarsa a unguwar. Aiki yake a Legas, ya sami hutun wata guda ya zo aza harsashin gida.

"Madam, filina ne fa," in ji shi. "Gobe magina za su fara haƙa. Wa ya ce a shuka min dawa?"

"Naka ne, Alhaji, ba mai ja da kai."

"Ni ba Alhaji ba ne."

"To Oga. Mako ukku kawai muka roƙo. Wagga dawa ba ta ƙosa ba ce kaɗai."

Wanda bai san Bayan Tudu ba zai ce matar nan ta cika shiga sharo ba shanu. Unguwa ce a gefen Zuru, inda mai ƙaramin ƙarfi ke zuwa in hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa: tsofaffin sojoji, malaman firamare, da irin su Maimuna da mijinta Talle, da suka baro Bena shekara huɗu da suka wuce lokacin da 'yan bindiga suka hana barci a can. Rijiyar burtsatse ɗaya ce, wuta sai ta ga dama, da damina kuma ɗan kabu-kabu a bakin kwalbati yake ajiye ka, ka ƙarasa da takalmi a hannu. Gida ɗaya, fili uku ba gini, haka unguwar take. Amma ba a taɓa kwana ba miya a Bayan Tudu ba, kuma sanadin mutum ɗaya ne.

Saje Haggai, tsohon soja ɗan shekara tamanin ba kaɗan, ba ya iya ganin fili a zaune. Nan kuɓewa, can yakuwa, can gyaɗa, filin Philip kuma da ya fi girma ya ba dawa. In kaka ta yi sai ya bi gida-gida da kwano, na masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci, bai tsallake ko ƙofa ɗaya. Ranar da su Maimuna suka sauka da tabarma biyu da tukunya, shi ya fara ƙwanƙwasa musu ƙofa da dawa kwano uku, ya ce, "'Yata, a nan ba a jin kunyar yunwa." Ta yi kuka ranar har ta gode Allah.

Sai daga baya matarsa, Mama Rachel, ta gaya mata sirrin noman, suna ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. A al'adarsu ta Dakarkari, saurayi kan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita, shi ne golmo. Haggai ya yi shida, yaƙi ya ɓarke, ya shiga soja. Uban Rachel ya ce shidan sun isa, aka ɗaura aure, kafin Haggai ya dawo tsohon ya rasu.

"Tun da ya ajiye kaki yake cewa zai cika mini ta bakwai," in ji Mama Rachel. "Kowace shekara in na ce Saje, ta cika, sai ya ce ina! Bana tsuntsaye sun ci, ba ta ƙirgu ba. Baɗi ya ce ruwa ya ɗauke da wuri. Bara awakin mijinki ya ɗora wa laifi. Shekara ashirin da biyu, Maimuna! Tsohon nan ya fi jaki taurin kai."

To bana ƙirjinsa ya kama. Asibiti sun riƙe shi kwana goma, suka ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Da aka shigo da shi, kafin ya nemi ruwa sai da ya tambayi dawa. Ya ce da matarsa, "Rachel, bana zan ƙirga."

Wannan ne Maimuna ta zayyana wa Philip a tsaye cikin rana, tifa tana ta gurnani a bayansu. Da ya ji kalmar golmo sai ya tuntsire da dariya, can kuma ya daina.

"Babana ma ya yi, a garin Manga," ya ce a hankali. Ya dubi wayarsa, ya dubi dawar da ta fi tsawonsa. "To yashin fa? Da bulo ɗari biyar da ke hanya? A kaina zan ajiye su?"

"A juye ƙofar gidana," in ji Maimuna.

Haka kuwa aka yi, Talle yana kasuwa bai ma sani ba, ya dawo ya tarar da tudu a inda yake jingine kekensa. Malama Gladys ta karɓi bulo a tsakar gidanta, Liman Jabiru ya ce a jera rodi a bayan masallaci. Mako biyu su Maimuna suna tauna yashi a tuwo, ba wanda ya yi ƙorafi. Philip kuwa ya sallami magina, ya sayi lemo ya je gaishe da tsohon, ya fito ido jawur yana cewa barkono ne ake soyawa a gidan.

Ana saura kwana shida mako ukun su cika, da hantsi, Mama Rachel ta aiko a kira Maimuna. Ta tarar an fito da Baba Saje kan kujerarsa ta ƙarfe a baranda, ya zama ɗan firit cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta soja.

"'Yata, karyo mini zangarniya ɗaya. Daga tsakiya, ba ta gefe ba."

Maimuna ta kutsa cikin dawar tana ta addu'a a zuci, ta zaɓo wadda ta fi kowacce ja. Ya ciri ƙwaya ɗaya ya danna da farce. Farin ruwa ya tsatso.

"Da saura," ya ce.

"Saje, ta yi mana," in ji Mama Rachel. "Na karɓa. Babana ma ya karɓa tun tuni."

"Kada ki cuci babanki, Rachel. Tsohon nan da haƙori yake gwadawa." Ya numfasa da ƙyar, ya yi ɗan murmushi. "Kin san tsuntsayen nan ba su taɓa cin wani abin kirki ba?"

"Na sani mana. Ka ɗauka ni makauniya ce?"

"Na ga in na gama, me kuma zan riƙa yi miki?"

Maimuna ta juya ta kama gyaran tsintsiyar da ba ta buƙatar gyara, don hawaye sun riga sun zubo mata.

Ranar Laraba da safe, bayan ya sha kunu cokali biyu, Baba Saje ya cika. Aka binne shi ranar Asabar, 'yan coci na waƙa, Talle da Liman Jabiru suna cikin masu haƙa kabari. Hutun Philip ya kusa ƙarewa ko bulo ɗaya bai aza ba, amma da kansa ya ce ba mai taɓa dawar sai ta ƙara mako.

Ranar girbi ba wanda aka gayyata, amma unguwar duk ta fito da lauje da wuƙa. Philip ya yanke yatsa tun a kara na uku, mata suka yi ta yi masa tsiya. Kafin azahar an jera dami goma sha ɗaya a ƙofar Mama Rachel.

Ta fito da baƙin zane, ta sunkuya ta zaro zangarniya daga tsakiyar dami, ta ciri ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori. Maimuna da ke kusa da ita ta ji ƙaras.

Mama Rachel ta juya wajen kujerar ƙarfen da har yanzu ba wanda ya iya ɗagawa daga baranda.

"Saje, ta cika," ta ce. "Bakwai."

Ta ɗora zangarniyar a kan kujerar, ta shiga ciki ta ɗauko kwanonsa na rabo, ta miƙa wa Maimuna.

"Fara da gidan Gladys. Daga can yake farawa."