Notin Alhaji Nasiru

Baba Jonathan ya ɗauke gwangwanin hasashe daga kan teburin garejin Sam ranar Asabar da azahar, ya soke shi a hammata. Bai nemi izinin kowa ba.

"Baba, ina za ka da shi?" in ji Sam, mai garejin, yana goge hannu da tsumma.

"Unguwar Makera."

Babban gwangwanin madara ne, an huda murfinsa. Tun da Sam ya kafa setilayit a garejinsa da ke unguwar Trikania, masu kallon tseren motocin Turai suka yi wa kansu doka. A jajibirin tseren farko na kowace shekara, kowa zai ɗauki notin taya da aka shafa wa fentin motar da yake ganin za ta ci kambu, ya jefa a gwangwani da hannunsa, a gaban shaida. Ba a buɗewa sai Disamba, waɗanda suka faɗi su wanke motocin gareji. Wanda ya jefa, wurinsa na nan a doguwar kujerar bas da ke gaban talabijin. Wanda bai jefa ba kafin magariba, sai a ba wani wurin. Kujerar ba ta ɗaukar kowa. Saura a kan tayoyi suke zama.

Kowa ya jefa nasa tun da safe, da ihu da cika baki. Masu ruwan lemo sun ce an gama magana. Masu shuɗi sun ce yaronsu ko a keken ɗinki aka ɗora shi zai zo na ɗaya. Wani ya ce an canja doka bana, inji rabi fetur rabi batir, don haka duk lissafin bara ya rushe. Wani ya ce ya ga gwajin da aka yi a hamada, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Baba Jonathan ya jefa ja, kamar kullum. Tsohon direban tanka ne, ya yi ritaya. Jar motar ta daɗe ba ta ci kambu ba, amma kowace shekara sai ya ce, "Bana tamu ce." Kowace shekara kuma Alhaji Nasiru, makanike mai gyaran injektar mota, da ke zama a damansa, sai ya jefa ruwan toka ya ce, "Direba, tanadi sabulu."

Bana ba wanda ya faɗa masa haka. Alhaji Nasiru na kwance a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ƙi magana.

Alexander ya tashi daga kan taya. Yana sayar da batir a Gonin Gora, ya kuma daɗe yana jiran wuri a kujerar.

"Baba, da girmanka. Ba mugunta nake yi ba. Alhaji ko cokali ba ya iya riƙewa."

"Ka gani?"

"Haka aka ce."

"Doka ta ce da hannunsa. Ba ta ce da wane hannu ba, ba ta kuma ce a gareji ba."

Sam ya yi dariya. "Tsohon nan da lauya ya zama, da mun shiga uku."

"To, ina shaida?" in ji Alexander.

"Kai ne. Ɗebo notocin."

Suka tare keke napep. Baba Jonathan ya zauna gwangwani a cinya, notocin ciki na ƙara duk lokacin da suka faɗa rami. Alexander na ta bayani a kan sabon injin masu ruwan lemo. Tsohon bai ji ko rabi ba.

Tun da aka sallamo Alhaji Nasiru daga asibiti bai je gidan ba. Ba don nisa ba. Ranar da abin ya faru, Alhajin na sunkuye a kan wata mota ya faɗi, baki ya karkace. Samari suka tsaya suna salati, wasu na kiran Yesu, wani na neman ruwa. Baba Jonathan, wanda ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara hazo, ya fizge makullin wata akori-kura da aka kawo gyara, ya sa aka ɗora Alhaji a baya. Ya bi hannun da ba nasa ba, ya hau kan dakali, hannu a kan oda har ƙofar asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Daga ranar godiya ta hana shi sakat. Hajiya Hadiza, matar Alhaji, ta aiko da dambun nama. Ta aiko da zabbi. 'Ya'yan Alhaji suka zo har unguwar Nasarawa suka durƙusa a tsakar gidansa, maƙwabta na leƙe. Fasto ma ya ambace shi a coci. Shi kuwa ba ya son a durƙusa masa. Abin da yake so bai fi ɗaya ba: gobe in fitilun fara tsere suka mutu motoci suka zabura, a ce wurin da ke damansa na mai shi ne, ko da ɗauko shi za a riƙa yi. Kallon tsere ba abokin gardama, ai gara mutum ya je ya kalli titin Abuja.

Suna sauka a Makera mai shayin bakin layi ya gane shi.

"Baba direba! Allah Ya saka da alheri! Zauna a haɗa maka."

"Na sha."

Tela ya fito daga shago ya kama hannunsa da hannu biyu. Wani dattijo da ke alwala a ƙofar masallaci ya ɗaga buta ya ce, "Allah Ya raba ka da sharrin ƙarfe." Baba Jonathan ya ce amin a gajarce, ya ƙara sauri.

"Baba, ashe kai gwamna ne a nan," in ji Alexander.

"Rufe bakinka."

Suka yi sallama. Hajiya Hadiza ta fito da kanta, ta gyara mayafi, ta dubi Baba Jonathan.

"Baban Juliana! Yau kai ne a gidan? Sannu da zuwa, sannu da zuwa. Ai mun ce ko laifi muka yi."

"Ba laifi. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Bayan Allah, kai ne..."

"Hajiya, yana ina?"

An sa masa katifa a falo, an tokare bayansa da matasai. Ya rame. Hannun dama na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Amma idanun nan nasa ne. Suka sauka a kan Baba Jonathan, suka gangara kan gwangwanin, suka tsaya.

Baba Jonathan ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

"Makanike. Kana nan kwance kana cin kaji, mu muna can muna aiki."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Alhaji. Ba kalma ba ce.

"Gobe ake farawa. Ga Alexander, kujerarka yake so. Ya ce ka gama."

"Kai, Baba! Alhaji, wallahi ban ce haka ba. Ya jiki?"

Hajiya ta kawo kunun aya da ruwa. Baba Jonathan bai taɓa ba. Ya karkata ga Alhaji ya ba shi labarin kakar tseren bana kamar yadda suka saba yi a gareji. An rage wa motoci nauyi. An canja fiffike. Masu ruwan toka sun ɗauko wani yaro da ko gemu bai fara ba.

"Motarku a gwaji kamar kura da ɗingishi. Na gani da idona. Tamu kuwa, hm. Bana tamu ce."

Ya jira. A nan ne amsar take zuwa. Leɓen Alhaji ya motsa, ya sake motsawa, miyau ya gangaro. Hajiya ta goge masa da gefen mayafi. Baba Jonathan ya kalli bango.

"Hajiya, ba ni faranti."

Ta kawo. Alexander ya juye notocin a kai: ja, ruwan toka, ruwan lemo, shuɗi, kore. Aka ɗora farantin a gefen hagun Alhaji, gwangwanin kusa da shi.

"Ba mai taimaka masa," in ji Baba Jonathan. Ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

Hannun hagu ya taso. Bai saba aiki shi kaɗai ba, yana rawa. Ya wuce kan kore. Ya zo kan ruwan toka, ya ɗan tsaya, ya wuce. Yatsun suka kama ja.

"Ya kuskure," in ji Baba Jonathan. "Makanike, ga naka can."

Alhaji bai kalle shi ba. Ya ɗaga notin, ya suɓuce ya faɗa kan zane. Ya lalubo shi. Ya sake ɗagawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Notin ya daki gefen murfi, ya zame, ya dawo. Hajiya ta toshe baki da hannu. Can sai ga ƙara, ƙwal, a cikin gwangwani.

Alexander ya sauke numfashi. Ya share ido da bayan hannu, bai ɓoye ba.

"Na shaida. Da hannunsa ya jefa. Kujera tasa ce. Ni da kaina zan riƙa zuwa ɗaukarsa, in Hajiya ta yarda. Tayar nan ma na saba da ita."

Alhaji ya nuna Baba Jonathan da yatsa. Sannan ya dafa ƙirjinsa, ya bar hannun a nan.

"Ba kuskure ba ne, Baban Juliana," in ji Hajiya a hankali. "Godiya yake yi maka. Mu duk mun faɗa da baki, shi bakin ya ƙi. Kullum in an ambaci sunanka sai ya yi ta hawaye. Yau ya samu abin da zai ba ka."

Baba Jonathan ya dubi gwangwanin. Ya san abin da aka ba shi. Mutumin nan ya taɓa cewa ko a kan gawarsa aka ɗora jan mayafi zai tashi ya yaye. Bai taɓa ba wani girma irin wannan ba. 

Sannan ya hango kakar tun daga gobe har Disamba. Jar mota ta lalace a tsakiyar tsere, su biyu su yi tagumi tare. Ta ci, su yi tafi tare. Alhaji na zaune a damansa yana gyaɗa kai ga duk abin da ya faɗa, kamar yaron mota. Ba wannan ya ɗauko a akori-kura ba.

Ya jawo gwangwanin, ya sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin murfi.

"Baba! Ba a buɗewa sai Disamba!"

Murfin ya ɓalle. Ya tona, ya zaro jan noti guda, ya dangwarar a faranti, ya mayar da murfi ya buga da tafin hannu.

"Ka ga abin da ka yi?" in ji Alexander. "Yanzu bai jefa ba ke nan. Ga la'asar ta kusa."

"Zai jefa." Ya juya ga Alhaji. "Kai, dube ni. Na karɓi dambu. Na karɓi zabbi, na cinye. 'Ya'yanka sun tara mini jama'a a gida, na yi shiru. Ya isa. Mu ja ba ma neman 'yan gudun hijira. Shekara nawa kana zagin motata, yanzu da ka ga za ta ci za ka laɓo? Wa zai wanke mini mota a Disamba?"

Alhaji ya zuba masa ido. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga sama. Ƙirjinsa ya fara girgiza, wani gurnani na fita, har Hajiya ta matso a tsorace kafin ta gane dariya ce. Rabonta da jin ta tun kafin faɗuwar. Hannun hagu ya sauko daga ƙirji, ya ja jiki a kan faranti, ya ture ja gefe da ɗan yatsa, ya dafe ruwan toka.

Hajiya na dariya tana share hawaye. Duk da haka ta sake gwadawa.

"Haba, Baban Juliana. Ka bar masa na bana kaɗai mana. Kyauta ce ya yi maka, ba a mayar da hannun kyauta baya."

Baba Jonathan ya tura gwangwanin kusa da hannun Alhaji, ya mayar da nasa hannayen baya.

"Hajiya, ba na so."